Abokin Kuka: Finafinai Huɗu Kan Yaran Da Suka Riƙe Juna

Masu sha'awar kallon fim a unguwanninmu na zango sun san cewa fim iri-iri ne. Akwai wanda ake kallo a tashi ana dariya. Akwai na faɗa, wanda yara za su yi mako guda suna kwaikwayonsa a bakin titi. Akwai kuma wanda in an gama shi sai ka ga ɗaki ya yi tsit, dattijo yana gyaran murya, mata suna share ido da bakin mayafi, saurayi kuwa yana rantsuwa wai ƙura ce ta faɗa masa a ido. To, a kan wannan kashi na uku za mu yi bayani a wannan wata.

Mun zaɓo finafinai huɗu daga ƙasashe huɗu, wato Indiya, Burkina Faso, Senegal da Maroko, waɗanda aka shirya tsakanin 1964 da 2000. Harsunansu daban-daban ne, waɗanda suka shirya su ma kowa da inda ya fito, amma duk labari ɗaya suke bayarwa: labarin yaran da ba su da gata, waɗanda jama'a ta ture gefe saboda nakasa, ko maraici, ko talauci, sai suka sami junansu suka riƙe.

Mai karatu zai iya tambaya, me ke sa babban mutum hawaye a kan irin wannan labari, alhali kullum yana ganin yara cikin wahala a tasha da kasuwa, ya wuce abinsa? Amsar da muke gani ita ce, a kowane ɗaya daga cikin finafinan nan akwai lokacin da yaro yake sauke wa ɗan'uwansa yaro wani nauyi wanda a al'ada a wuyan dangi ya rataya. A fim na farko kuɗin makaranta ne. A na biyu sauraro ne. A na uku goyo ne. A na huɗu kuwa sutura ce, wato haƙƙin ƙarshe da mamaci yake da shi a kan masu rai. Za mu faɗi yadda labaran suka ƙare, domin irin waɗannan finafinai sanin ƙarshensu ba ya rage musu komai.

Dosti: makaho da gurgu a titunan Bombay

Bari mu fara da Indiya, tunda finafinanta sun daɗe da zama 'yan gida a wurin Hausawa ko'ina suke. A shekarar 1964 kamfanin Rajshri ya fito da wani fim baƙi-da-fari mai suna Dosti, ma'anar kalmar kuwa ita ce abota. Satyen Bose ne ya ba da umarni. Babu wani shahararren jarumi a cikinsa, samari biyu ne sababbin shiga suka ja ragamar labarin.

Ramu ɗan makaranta ne mai ƙwazo. Mahaifinsa ya rasu a haɗarin wurin aiki, kamfanin ya ƙi biyan diyya, baƙin ciki ya yi ajalin mahaifiyarsa, shi kuma mota ta buge shi ya gurgunce. Aka kore shi daga gidan haya. Yana yawo a titunan Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai, sai ya ceci wani yaro makaho mai suna Mohan daga bakin mota. Shi Mohan daga ƙauye ya zo neman yayarsa Meena, wadda ke aikin jinya a birni. Ramu ya iya busa wani ɗan ƙaramin abin kiɗa na baki, Mohan kuwa Allah ya ba shi murya. Ɗaya na busa, ɗaya na waƙa, masu wucewa na jefa musu kwabbai. Tsohon labarin nan ne na makaho da gurgu da kowa ya sani, wannan ya zama idon wancan, wancan ya zama ƙafar wannan.

Burin Ramu shi ne ya koma makaranta, ana kuma bukatar rupi 60. Suka je neman rance gidan wani mai kuɗi, ya miƙo musu rupi 5 kamar wanda ke korar almajiri. Mohan ya ji zafin abin, ya ce shi zai tara kuɗin da muryarsa, ya kuwa tara. Daga baya ya gamu da yayar da ya zo nema, ita kuma ta ji kunyar a ce mabaraci ƙanenta ne, ta yi kamar ba ta san shi ba. Ba a jima ba wani malami ya ɗauki Ramu ya kai shi gidansa, ya raba shi da Mohan, don a ganinsa yawon titi zai ɓata wa yaron karatu. Mohan ya rasa yaya, ya rasa aboki.

Sai malamin ya rasu, Ramu ya rasa kuɗin jarrabawa. Da labari ya kai kunnen Mohan, ga shi ba lafiya, ya fita titi ya yi ta waƙa har ya haɗa kuɗin, ya biya a ɓoye, sa'an nan ciwo ya kwantar da shi a asibiti. Ramu ya zo na ɗaya a jarrabawa, ya gano wanda ya biya masa, ya garzaya neman gafara. Abin lura a nan shi ne, Mohan ba zai taɓa ganin takardar sakamakon da idonsa ba, bai kuma nemi a san shi ya biya ba.

Fim ɗin ya ci kyaututtukan Filmfare guda 6, har da na fim mafi kyau na shekarar, a shekarar da manyan finafinai irin su Sangam na Raj Kapoor suka fito. Laxmikant da Pyarelal ne suka tsara kiɗan, Mohammed Rafi kuma ya rera mafi yawan waƙoƙin.

Wend Kuuni: yaron da magana ta ɗauke masa

Daga Indiya sai mu dawo kusa da gida. A 1982, lokacin da ake kiran Burkina Faso da suna Upper Volta, Gaston Kaboré ya shirya fim mai suna Wend Kuuni cikin harshen Moshi, harshen da ba baƙo ba ne a zangunan Kumasi da Tamale. Labarin ya faru ne a ƙasar Moshi tun kafin zuwan Turawa.

Wani falke yana tafiya a daji sai ya tsinci yaro kwance, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Ya ba shi ruwa, ya ɗauke shi zuwa ƙauye mafi kusa, ya danƙa shi ga wani masaƙi mai suna Tinga. Yaron ba ya magana, babu wanda ya san sunansa ko garinsu. Aka yi cigiya ba a sami danginsa ba, sai Tinga da matarsa Lale suka riƙe shi, suka raɗa masa suna Wend Kuuni, wato Kyautar Allah, kamar dai yadda mu ma muke kiran yaro Kyauta.

A gidan akwai wata 'yar yarinya, Pognere. Shi ana tura shi kiwo, ita kuwa ana tsare ta a gida tana aikace-aikace, uwarta na yi mata faɗa in ta fita. Shi ba shi da baki, ita kuma ba a sauraron nata. Duk da haka sai ta riƙa sulalewa tana bin sa wurin kiwo, ta zauna kusa da shi tana yi masa hira, ba ta damu da cewa ba zai amsa ba. Manya sun ci da shi, sun tufatar da shi, sun gama yanke hukunci cewa bebe ne. Yarinyar nan ce kaɗai take yi masa magana kamar wanda wata rana zai mayar.

Wata rana da dare ya koma daji neman wani abu da ya manta, sai ya ci karo da gawar wani mutumin ƙauyen a rataye a bishiya. Firgicin ya kwance masa harshe. Da magana ta dawo, Pognere ya zaunar ya ba ta labarinsa. Mahaifinsa maharbi ne, ya shiga daji bai dawo ba. Aka matsa wa mahaifiyarsa ta sake aure, ta ƙi. Sai aka ce mayya ce, aka kore ta da jifa, aka ƙone ɗakinta. Ta gudu da ɗanta cikin daji, ta mutu a gindin bishiya, shi kuma ya yi ta gudu har ya faɗi.

Kaboré bai cika fim ɗin da surutu ba. Ya bar mai kallo da ƙarar masaƙa, da daka, da kukan awaki, yadda in yaron ya buɗe baki mutum zai ji nauyin kowace kalma. Labarin mahaifiyar kuwa ba tatsuniya ba ce a wurin mutanen wannan yanki, domin kowa ya san sunan Gambaga a arewacin Ghana, inda matan da aka jefa da zargin maita suka daɗe suna neman mafaka. Fim ɗin ya sami kyautar César ta ƙasar Faransa a 1985. Bayan shekara 15 Kaboré ya ci gaba da labarin a fim mai suna Buud Yam, inda Wend Kuuni, ya zama saurayi, ya shiga duniya neman mai maganin da zai warkar da Pognere. Wannan na biyun shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1997.

Sili mai tallar jarida

Na uku gajere ne, minti 45 kacal, amma wanda ya gan shi da wuya ya manta. Shi ne aikin ƙarshe na Djibril Diop Mambéty, ɗan ƙasar Senegal, wanda ya rasu a 1998, fim ɗin kuma ya fito a 1999. Sunansa da Faransanci La Petite Vendeuse de Soleil, wato 'yar ƙaramar mai sayar da Soleil. Soleil sunan jaridar gwamnatin Senegal ne, ma'anarsa kuma rana. Da harshen Wolof aka yi shi.

Sili yarinya ce gurguwa, da sanduna biyu take tafiya. Daga wata unguwar talakawa a bayan gari take shigowa Dakar tana bara, kakarta kuma makauniya ce. Wata rana ayarin yara maza masu tallar jarida suka bangaje ta ta faɗi, ba wanda ya waiwaya. Tana tashi sai ta ƙudura a ranta cewa abin da namiji ya yi mace ma za ta yi. Ta je inda ake raba jarida ta karɓi nata kason.

Ranar farko wani mutum ya saye duk jaridun da ke hannunta, ya ba ta takardar sefa 10,000. Ɗan sanda ya gan ta da kuɗin, ya ce sata ta yi. Sili ba ta yi kuka ba. Ta bi shi har ofishinsu, ta yi bayani a gaban babbansu, aka wanke ta, ta kuma sa baki aka saki wata mata da ke tsare. Da kuɗin ta saya wa kakarta laima don zafin rana, saura kuma ta raba wa mabukata.

Yaran nan maza ba su ƙyale ta ba, suna ganin ta shigo musu kasuwa. A cikin masu tallar akwai wani saurayi, Babou, wanda ke sayar da wata jarida daban mai suna Sud. Shi ne ya zama abokinta. Suna tafe suna gardama kan wace jarida ta fi, suna tsokanar juna, in an taso mata ya tsaya mata. A ƙarshen fim yaran suka fizge mata sanda suka gudu da ita. Babou ya bi su bai samo ba. Ya dawo, ya durƙusa, ya goya ta a baya, suka ci gaba da tafiya.

Mambéty bai nuna Sili a matsayin abar tausayi ba. Ita ce mai baki, ita ce mai dabara, ita ke rawa a titi da sandunanta. Saboda haka goyon da Babou ya yi mata bai zama sadaka ba, taimakon abokin sana'a ne ga abokiyar sana'a. Duk wanda ya taɓa lura da 'yan matan nan 'yan dako da ake kira kayayei a kasuwannin Accra da Kumasi, yadda suke kwana wuri ɗaya, suke riƙe wa juna jarirai, suke haɗa kuɗi in ɗayarsu ta kwanta ciwo, zai gane Sili tun kafin a fassara masa kalma ɗaya.

Ali Zaoua: sutura irin ta 'ya'yan sarki

Na huɗu shi ya fi ɗaci. Nabil Ayouch ya shirya shi a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko a shekarar 2000. Yara huɗu, Ali, Kwita, Omar da Boubker, sun ɓalle daga wata babbar ƙungiyar yaran titi da ke ƙarƙashin wani mugun shugaba mai suna Dib, suka koma kwana a bakin tashar jiragen ruwa. Bara suke yi, da 'yan sace-sace, da shaƙar sholisho don su manta da yunwa. Ali yana da buri, yana so ya zama matuƙin jirgin ruwa, ya tafi wani tsibiri da yake cewa rana biyu ke fitowa a cikinsa.

Ba a yi nisa da fara fim ba yaran Dib suka zo mayar da su da ƙarfi, aka yi jifa, dutse ya sami Ali a ka, ya mutu nan take. Mai kallo zai yi mamaki, yaya za a kashe mai sunan fim tun da wuri haka? To, ai labarin na sauran ukun ne. Sun san in suka bar gawar, hukuma za ta kwashe ta a binne kamar wanda ba shi da kowa. Sai suka ɓoye ta a wani rami, suka yi alkawari za su yi wa Ali sutura irin ta ɗan sarki.

Yaran da ba su da kuɗin burodi, su ne suka shiga neman kuɗin jana'iza. Ba su san yadda ake yi wa mamaci wanka ba, ba su san abin da ake karantawa ba. Suna faɗa da juna, su shirya, kuɗi ya shigo ya zube. Omar ya je wurin mahaifiyar Ali, wadda zaman kanta take yi, abin da ya sa yaron ya bar gida ke nan, ya tsaya a gabanta bakinsa ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Daga bisani wani tsohon masunci, wanda dā ya yi niyyar ɗaukar Ali aiki a jirginsa, ya gano halin da suke ciki, ya taimaka musu aka haɗa akwati. Aka ɗora Ali a jirgin ruwa aka fita da shi teku, tafiyar da ya yi ta mafarki yana raye.

Yaran da suka fito a fim ɗin ba 'yan wasa ba ne, yaran titi ne na gaske, waɗanda aka samu ta hannun wata ƙungiya mai kula da irinsu a Kasabalanka mai suna Bayti. Tabon da ke fuskokinsu ba kwalliya ba ce. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 2001. Ayouch bai tsaya nan ba, ya kafa gidauniya da sunan Ali Zaoua, wadda ta buɗe cibiyar koya wa yara kiɗa, zane da wasan kwaikwayo a unguwar talakawa ta Sidi Moumen a 2014. Haka ita ma Mira Nair ta yi bayan fim ɗinta Salaam Bombay! na 1988, wanda shi ma da yaran titi aka yi shi: da ribarsa aka kafa gidauniyar Salaam Baalak don kula da yara marasa galihu a Indiya.

Ina manya suke?

Idan mai karatu ya jera finafinan nan huɗu, zai ga wani abu da ya haɗa su bayan abotar yaran. A kowanne, manya sun kasu biyu. Akwai masu yawa da suka kau da kai: kamfanin da ya hana diyya, yayar da ta ji kunyar ƙanenta, ƙauyen da ya kori mace da jifa, ɗan sandan da ya ga kuɗi a hannun gurguwa ya ce sata ce. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka tsaya: falken da ya sauke kayansa ya ba yaro ruwa, masaƙin da ya buɗe ƙofarsa, masuncin da ya ɗauki guduma ya haɗa akwati. Babu attajiri ko ɗaya a cikinsu. Abin da suka bayar bai fi ƙarfin kowa ba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Kalmar zango kanta ma'anarta wurin da ayari ke sauka ya huta. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro zuwa Salaga da ƙasar Gonja, kowannensu kuma ya sauka ne a hannun wani mai masauki da bai haife shi ba. Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana, maƙwabci ya bar wa maƙwabci ajiyar gida da kaya ya tafi. Mutanen da suka san ɗacin a kira su baƙi a garin da aka haife su bai kamata a koya musu tausayin wanda aka ture gefe ba. Amma kuwa a unguwanninmu akwai yara masu kwana a rumfunan kasuwa, akwai guragu da makafi da kurame da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki ba a sa su makaranta, akwai marayun da aka raba wa dangi kamar kayan gado.

Shawararmu ga ƙungiyoyin matasa da malaman makarantu ita ce, a nemi finafinan nan a nuna wa yara, tunda yanzu da wayar hannu da farin bango ma ana iya haɗa majigi. A samu wanda ya iya Turanci ko Faransanci ya riƙa fassara rubutun da ke fitowa a ƙasa. Dosti da Wend Kuuni da fim ɗin Sili sun dace da kowa da kowa. Ali Zaoua kuwa akwai zagi da abubuwa masu tayar da hankali a ciki, gara manya su fara kallonsa tukuna su ga ko ya dace da shekarun yaransu.

In an gama kallo kada a tashi haka nan. A tambayi yaran, wa suka sani a ajinsu ko a layinsu da ba shi da abokin wasa? Wa ya daina zuwa makaranta saboda kuɗin jarrabawa? Za a sha mamakin sunayen da za su lissafo, domin yara sun fi mu sanin wanda ke kwana da yunwa a unguwa. Hausawa na cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Yaran nan sun daɗe suna kuka tare, manya ne ba su tambaya ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.